Shekarar da Muka Shuka Lalo

Shekaranjiya da hantsi 'yata ta kau da kai daga ludayin kunu. Ba wani abu ba ne, haƙori take yi, kowa ya gaya mini haka. Amma na tsaya da ludayin a hannu, kunun yana ɗiga a zanina, na kasa ajiye shi, sai da maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga ta ce, "Rabi, lafiya dai?" Bazara ta kai tsakiya, ruwa bai sauka ba tukuna, yashi yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Wannan zafi da wannan kau da kai su suka haɗu suka mai da ni gidanmu na Madarumfa, shekarar babban fari. An ce in na rubuta zai rage mini. Ban sani ba. Ga ni dai ina rubutawa.

Ina kwaleji a Maraɗi a lokacin. Daminar shekarar ta yi mana wasa da hankali: ruwa ya sauka, aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake, ya sake ɗaukewa. Geron da ya tsira ya tsaya iya gwiwa, ya yi ja, ya sunkuyar da kai. Gyaɗa kuwa ko a tona ba a samun komai sai kwasfa. Da kaka ta zo Baba ya share rumbu, abin da ya fito bai cika masaki biyu ba. Ya bi 'yan ci-rani ta Ɗan Isa ya tsallaka Najeriya. Gida ya rage Inna, da Gwaggo Hajo ƙanwar Baba wadda mijinta ya rasu, da autarmu Tsahara da ba a daɗe da yaye ta ba. Ni kuma da na zo hutun sanyi, na dubi gidan, ban koma ba.

Abincinmu jar dawar taimako ce da kamyo, babbar motar kaya, ke kawowa jefi-jefi. Dawa ce mai taurin kai. A surfa ta, a daka, a tankaɗe, tuwonta ya fito ja, da kaushi kamar an cuɗa da rairayi. Mu manya muna runtse ido mu tura da ruwa. Miya babu. Kuɓewa ba ta yi ba, kukokin bakin tabki an sassabe su tun da sauran ganye, mutane da dabbobi, garin kukar da ke gida kuma ya ƙare tun kafin in zo. Sai anza, 'ya'yan daji masu ɗaci, da Gwaggo ke tafasawa ta zubar da ruwan, ta sake tafasawa, ta jiƙa, kafin su ciwu.

Tsahara ta kasa haɗiye tuwon. Sai ta karɓi loma ta riƙe a baki, ta riƙe, ta riƙe, sannan ta buɗe baki ya faɗo. Kunun dawar kuma yana shiga yana fita. Gashinta ya fara yin ja, ya yi laushi kamar na masara. Ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa ramin sai ya tsaya yana kallonka. Muka kai ta gidan likita, malamin ya duba ya ce a ba ta abinci mai gina jiki. Gwaggo ta ce, "To malam, a wace kasuwa?" Sai ya ba mu wata farar ƙwaya. A hanya Inna ta ce, "Yauƙi take so. Da da miyar lalo, da tuwon ya zame ya wuce."

Kuma Inna tana da irin lalo. Wannan shi ne abin da 'yan unguwa suka daɗe suna yi mata dariya a kai. A wajenmu ba a shuka lalo, ba a shuka rukuɓu. Su ne ke fitowa da kansu tsakanin kunyoyin gero da bakin juji, a yi ta cirewa ana zubarwa. Amma da kakar nan Inna ta ga yadda shekara ta tsaya, ta bi gonaki tana tsinto busassun 'ya'yansu. Ta murje, ta sheƙe a bayan madafa, ta ware na lalo daban, na rukuɓu daban. Sannan ta yi musu abin da Baba ke yi wa irin gero: ta cuɗa da toka, ta ƙulle a tsumma, ta sa a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura can ƙuryar ƙarƙashin gado inda ya fi ko'ina sanyi da duhu. Haka ake daraja iri a gidan manoma. Ba ta san wata hanyar ba, mu ma haka.

Tabki ya ja baya a shekarar, ya bar baƙar laka mai faɗi, kowane gida ya kama ɗan fegi. Tsakiyar ɗari muka fita shuka. Lakar tana da sanyin da ke shiga har cikin ƙashi. Gwaggo ta riƙe sungumi tana sara, Inna tana binta tana jefa iri a rami tana rufewa da diddige, ni ina ɗauko ruwa a tulu. Shukar gero sak. Da muka gama, Inna ta sa muka shimfiɗa karan dawa a kai don kada rana ta shanye laimar.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "'Yar lakwal, mi boko ya ce? Mun yi daidai?"

Na ce mun yi. A aji mun taɓa sa wake cikin jiƙaƙƙiyar auduga, muka rufe a kabad, ya tsiro. Mushe, malaminmu, ya ce iri ruwa yake so da iska da ɗan ɗumi, haske sai bayan ya fito. Gaskiya ya faɗa, a kan wake.

Albasar maƙwabta ta fito, tumatirinsu ya fito. Fegenmu shiru. Kullum da safe Inna sai ta ɗaga karan ta duba, ta mayar. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma a kusa yakan kira Inna da sunan Baba ya ce, "Matar Ilu, yaushe za a gayyace mu girbin ciyawa?" Gwaggo ta ce, "Ran da ka kama kifin da ya fi yatsanka." Inna kuwa sai ta ci gaba da ban ruwa. Da muka gaji da jira ta ce wataƙila tsuntsaye ne, ko tururuwa. Muka sake shuka, wannan karon ramin ya fi zurfi, karan ya fi kauri. Irin rukuɓu ya ƙare ke nan. Na lalo ya rage abin da bai cika tafin hannu ba.

Ɗari ya wuce, zafi ya fara shigowa. Da azahar inuwar ɗaki ba ta da amfani, ruwan randa ya koma kamar an ɗumama. Tsahara ta daina tafiya. Ta koma goyo, ba ta da nauyi, sai dai ƙafafun nan da ke lilo a kwankwasona suna sheƙi.

Wata ranar kasuwa haƙurin Gwaggo ya ƙare. Ta kwashe karan nan ta watsar, ta sa hauya ta tone fegen, wai sai ta ga gawar irin da idonta. Muka durƙusa muna murza laka. Ga su nan lafiya lau, ba su ruɓe ba, ba su kumbura ba. Na rukuɓu baƙaƙe, ƙanana kamar kwalli. Na lalo masu kusurwa, da tauri, na sa ɗaya a haƙori na ji kamar tsakuwa.

Gwaggo ta ce, "Ka ji 'yan banza. Mu muna mutuwa, su suna barci."

Ta tattake wurin ta bar shi a buɗe, muka dawo gida. Inna ce kawai ta ci gaba da zuwa tana yayyafa ruwa, don ta ce ba ta iya zama. Kasuwa ba ta zagayo ba ta dawo da sauri, mayafinta a hannu. Muka je. Duk inda hauyar Gwaggo ta juyo da ƙasa, rukuɓu ya fito, ja-ja kore-kore, cunkus kamar gashin jariri. Gefen da hauya ba ta taɓa ba, da inda wani guntun kara ya rage a kwance, babu ko ɗaya. Na ɗaga karan da hannuna na duba. Ƙasa ɗaya, laima ɗaya, tsakaninsu bai fi taki guda ba. Bambancin kawai, wannan ya ga rana, wancan bai gani ba.

Gwaggo ta ce, "Ashe zagi suke so. Da kin faɗa mini tun farko, matarmu, ai ina da shi buhu-buhu."

Rukuɓu ya taimake mu, mu manya. Muna dafa shi mu yi kwaɗo da gishiri kawai, wani lokacin masunta su karɓi ganye su ba mu 'yan ƙananan kifi. Amma lalo ko ɗaya bai fito ba, rukuɓu kuma ba shi da yauƙi. Tsahara tana shan ruwansa kaɗan, ganyen kuwa sai ya tsaya mata a baki kamar tuwon. Ta daina kuka. Ban san yadda zan bayyana wannan ga wanda bai gani ba. Yaro mai kuka yana neman wani abu. Ita ta daina nema.

A gidanmu ba a zubar da ruwan zafi ko'ina. Wuri ɗaya ne, bayan madafa, kuma sai an yi bisimilla, saboda mutanen ɓoye, kada a ƙona 'ya'yansu. Nan Gwaggo ke juye ruwan anza kullum. Wata safiya ta tafi da tukunya, sai muka ji ta ajiye ta ba ta zubar ba.

Ta ce, "Matarmu, zo ki ga wani abu. Ke ma zo."

Tsakiyar wurin, inda tafasasshen ruwa ke sauka, ƙasa ce tsirara, ta yi ɓawo. Can nesa, busasshen yashi. Amma tsakanin biyun, inda ruwan ke malala ya fara hucewa, wasu 'yan tsiro sun yi zobe. Ganyen da ɗan tsini, gefensa kamar haƙoran zarto. Inna ta tsinki ɗaya ta murza a yatsu, ta buɗe yatsun a hankali. Zaren yauƙi ya miƙe.

Nan ne ta sheƙe irin da kaka. Waɗanda suka zube tare da ƙaiƙayi sun kwana a fili tun lokacin, rana ta dake su, sanyin asuba ya dake su, sannan ruwan anza ya bi ta kansu.

Inna ta ja da baya. Ta ce, "Wurin mutanen ɓoye ne, Hajo. Ba mu san na wa ne ba."

Gwaggo ta ce, "Na wa ne in ba namu ba? Wata nawa ina yi musu sallama safe da yamma? Ko maƙwabcin banza ai ya san ya aiko da miya."

Muka daina zuba ruwan zafi a nan, muka koma yayyafa na randa. Ba su da yawa. Da suka ɗan tasa muka tsinke su duka, abin da ya fito ludayi guda ne na miya. Inna ta zaunar da Tsahara a cinya, ta gutsiri tuwo kamar ƙwayar wake, ta dulmiya a miyar, ta sa mata. Muka zuba ido a maƙogwaronta. Ya motsa. Ta sake sa mata, ya sake motsawa. Sai da ludayin ya ƙare. Washegari babu.

Gwaggo ce ta faɗi abin da duk muke tunani. Ta ce a ɗauko ragowar irin a zuba masa ruwan zafi.

Inna ta ce, "A'a."

"To mi za mu yi da shi? Mu yi ta ajiya har ɗiyar ga ta tafi?"

"Hajo, iri ne. Kin taɓa ganin an kai iri bakin murhu? Gidan da aka dafa iri ai ya ƙare. Ko a wanga hali yayanki bai taɓa irin geronsa ba, yana nan a ajiye. In na dafa wanga, mi ya rage?"

"In ba ki dafa ba ma mi ya rage? Sau biyu kina binne shi kamar amana, ya motsa?"

Inna ta juyo wajena. Ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. Ta ce, "Ke. Mi kika gani?"

Na ce ban sani ba. Tsoro nake ji ƙwarai. Wake in ya ji ruwan zafi mutuwa yake yi, wannan na sani. Amma na gaya mata abin da idona ya gani: a tsakiya, inda zafin ya yi yawa, ba abin da ya fito. Inda zafin bai kai ba, nan ma babu. Sai inda ya taɓa ya wuce. Na ce wataƙila ɓawon ne ya yi tauri, ruwa ba ya shiga, zafi ne ke fasa shi. Na ce wataƙila.

Inna ta juya ta koma wajen turmi. Ta wuni tana surfe, ta yi la'asar, ta daɗe a kan tabarma. Gwaggo ta ce a raba biyu, a gwada rabi. Inna ta kwance tsumman ta duba, ta ce rabin wannan ba zai ciyar da kowa ba, ko ya fito.

Da safe ita da kanta ta hura wuta. Ruwa ya tafasa, ta sauke tukunyar. Ta karkaɗe tokar, ta ƙulle irin a bakin tsohon ɗankwali. Ta tsaya riƙe da ƙullin a saman tururi.

Ta ce, "Har yaushe?"

Ba wadda ta sani. Gwaggo ta ce, "Ki tsoma ki karanta Ƙulhuwallahu, ki fidda. Kada ki ja ta irin ta liman."

Inna ta yi bisimilla ta tsoma. Ina kallon leɓɓanta. Ta fitar, ta jefa ƙullin cikin ƙwaryar ruwan sanyi, sannan ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da hannu biyu. Ban taɓa ganin ta haka ba, ko ranar da Baba ya tafi.

A ranar muka kai shi bakin tabki. Ba sungumi, ba diddige. Muka watsa a saman laka, muka barbaɗa yashi sama-sama yadda ake barbaɗa gishiri, muka bar shi a rana. Inna ta yi ta waiwaye. Ta ce kamar ta yar da yaro a hanya ba zane.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma su ne suka fi zama mini. Zafin ya kai inda tsuntsaye ke faɗowa daga bishiya bakinsu a buɗe. Safe da yamma muna jigilar ruwa. Tsahara tana kwance a inuwar rumbun da ba kome a cikinsa, muna ɗiga mata ruwan rukuɓu da romon ɗan kifi da tsinken cokali. Ina yawan sa kunnena a ƙirjinta. In Inna ta gan ni sai ta kau da kai.

Ya fito. Da farko kamar an watsa koren zare a kan laka, sai ka durƙusa za ka gani. Ba duka ba, wani wuri ya yi sanƙo, mai yiwuwa waɗanda ke bakin ƙullin sun dahu da gaske. Amma ya fito da yawa. Tsohon masuncin nan ya zo ya tsaya a kai ya daɗe, sannan ya ce, "Gobe matata za ta zo ki nuna mata." Ya cire wani tarwaɗa daga gora ya ajiye a gefen tulunmu, ya wuce.

Sai kuma jiran ganye, wanda ya fi na tsiro wuya. Inna tana so ta tsinka tun yana kunne biyu, Gwaggo tana riƙe mata hannu. Daga baya suka shirya a kan a riƙa cire na wurin da ya yi cunkoso, kaɗan-kaɗan, kullum abin da zai yi ludayi ɗaya. Da wannan ludayin muka riƙe ta har sauran ya kai tsayin kamu guda. Kumburin ya fara sauka, fatar ƙafafun ta yi yaushi tana saɓulewa. Wata rana ina ba ta, na tsaya gyara goyon zanina, sai ta fashe da kuka, kuka sosai, na fushi, tana miƙa hannu wajen akushi. Gwaggo ta ce, "Kun ji mara kunya. Ta dawo."

Da aka yi ruwa na koma kwaleji. Na tambayi mushe, ya ce e, irin daji yakan yi barci. Wani sai ya ga haske, don ƙanƙane ne, in ya tsiro a zurfi ba zai iso sama ba. Wani kuma sai zafin yashin bazara ya gasa ɓawonsa wata da watanni, don kada yayyafin banza ya yaudare shi ya fito kafin damina. Na zauna ina jinsa ina tunanin tulun nan na ƙarƙashin gado, da tokar, da lakar da Inna ta liƙe da hannunta da kyau, ba ko tsaga. Yanzu matan bakin tabki da yawa suna shuka lalo da rani, suna tsoma irin a ruwan zafi suna hira, ba wadda gabanta ke faɗuwa.

Tsahara tana lakwal yanzu. Ita ce mafi gajarta a ajinsu, kuma ta fi kowa surutu. Ba ta tuna komai. Ba ta cin miyar lalo, ko kaɗan, wai yauƙin yana tayar mata da zuciya. Ranar da aka yi ta a gida sai ta tura akushin gefe ta ɓata rai. Gwaggo takan buɗe baki za ta yi magana, Inna ta dube ta, sai ta fasa. Sannan Inna ta tashi ta ɗora mata wata tukunyar.